Power Apps: Iyakokin muhalli da ya kamata a sani kafin a fara gina manhaja

Tun da kamfanin Microsoft ya fitar da Power Apps ga jama'a a watan Nuwamban 2016, alkawarin da yake tallata shi da shi guda ne: duk wanda ya iya Excel da PowerPoint zai iya haɗa manhajar da za ta yi aiki a wayar Android da iPhone, ba tare da ya zauna rubuta dogon kodin ba. Alkawarin kuwa ya cika gwargwado. Ma'aikacin ofis kan jawo maɓalli ya ajiye, ya jawo akwatin rubutu, ya haɗa su da jadawalin bayanai, kafin a tashi aiki ya samu manhajar ɗaukar sunayen masu zuwa aiki ko ta lissafin kayan sito. Shi ya sa matasa da yawa da ke neman sana'a a fannin fasaha suke fara koyo daga nan.

Sai dai akwai wani ɗan rubutu a saman shafin ƙira, ta hannun dama, wanda yawancin masu koyo ba sa ko kallonsa. An rubuta Environment a wurin, wato muhalli, da wani suna a ƙarƙashinsa. Wannan sunan shi ke nuna ƙasar da bayanan manhajar za su zauna, da waɗanda za su iya shiga, da tsawon ran manhajar, har da kuɗin da za a riƙa biya duk wata. Da yawa daga cikin waɗannan abubuwa kuma ba sa canzuwa bayan an riga an yi gini.

Mene ne muhalli?

Duk kamfani ko makaranta ko hukumar da ke amfani da Microsoft 365 tana da babban asusu guda wanda ya ƙunshi dukkan ma'aikatanta. Idan aka ɗauki wannan asusu a matsayin gida, muhalli shi ne sashe a cikin gidan. A cikinsa ake ajiye manhajojin Power Apps, da jerin ayyuka masu gudanar da kansu na Power Automate, da shafukan intanet na Power Pages, da mataimakan hira na Copilot Studio. Kowane sashe yana da makullinsa da mai kula da shi.

Kowane muhalli yana iya ɗaukar rumbun bayanai guda ɗaya kacal, wanda ake kira Dataverse. Kafin Nuwamban 2020 sunansa Common Data Service. Ana iya barin muhalli babu rumbu, amma ba a iya saka masa biyu, kuma idan an saka masa ɗaya ba a iya cire shi.

Muhallan iri shida ne: na kowa da kowa, na aikin gaske, na gwaji, na ɗanɗano, na mai ƙira, da kuma wanda ke cikin Microsoft Teams. A ido duk kama ɗaya suke, domin shafin ƙira bai bambanta ba. A ƙa'idoji ne suka sha bamban.

Muhallin kowa da kowa

Wannan shi ne wanda Microsoft ke buɗe wa kowane asusu da kansa, ba tare da wani ya nema ba, kuma a nan sabon mai ƙira kan tsinci kansa idan ba a tanadar masa wani wuri ba. Tsakar gida ne. Duk ma'aikacin da ke da lasisi ana ba shi ikon ƙira a cikinsa kai tsaye, daga manaja har ɗan bautar ƙasa da aka buɗe wa imel jiya. Ba a iya goge shi. Ba a iya killace shi ga wani rukunin ma'aikata kamar yadda ake yi wa muhallin aikin gaske. Mai kula da tsarin ma ba zai iya ɗaukar masa kwafin ajiya da hannunsa a lokacin da ya ga dama ba, sai dai wanda tsarin ke ɗauka da kansa. Bugu da ƙari, duk fom ɗin da aka gyara daga jadawalin SharePoint a nan yake sauka, don haka wurin kan cika da tarkace cikin ɗan lokaci.

Matsalar kan bayyana ne idan ƙaramar manhaja ta girma. A ɗauka wani ma'aikaci ya haɗa manhajar neman hutu don sashensa na mutum goma. Ta yi kyau, wasu sassan suka karɓa, bayan shekara guda kamfanin gaba ɗaya ya dogara da ita. Duk hanyoyin da manhajar ke bi ta aika imel ko ta rubuta bayanai an ɗaure su ne da asusun wannan mutum ɗaya. Ranar da ya bar aiki aka rufe asusunsa, ayyukan da ke tafiya da sunansa za su tsaya, kuma ba lallai a samu wanda ya san yadda aka haɗa su ba. Microsoft da kansa yana ba masu kula da tsarin shawarar su canza wa wannan muhalli suna, yadda kowa zai gane na ƙananan ayyukan ƙashin kai ne, ba wurin ajiye manhajar da kamfani ya dogara da ita ba.

Muhallan kyauta da wa'adinsu

Muhallai uku ne ke jan hankalin masu koyo saboda ba a biyan ƙarin kuɗi a kansu, kuma kowanne yana da shingensa.

Na ɗanɗano kwana 30 yake yi, kuma mutum ɗaya guda ɗaya yake samu a lokaci guda. Idan wa'adin ya cika ba a mayar da shi na aikin gaske ba, za a rufe shi sannan a goge shi da duk abin da ke ciki. Mayar da shin kuma yana buƙatar asusun ya kasance da aƙalla giga 1 na sararin rumbu da ba a yi amfani da shi ba, wanda sai da lasisin kuɗi ake samunsa.

Na mai ƙira yana zuwa ne ta tsarin Power Apps Developer Plan. Shi ya fi dacewa da mai koyo, domin yana buɗe masa Dataverse da sauran kayan aikin da a wani wuri sai an biya. Mutum na iya buɗe har guda uku, rumbun kowanne giga 2 ne, kuma ayyukan Power Automate sau 750 za su iya gudana a wata. Sharaɗinsa shi ne don ƙira da gwaji aka ba da shi, bai halatta a gudanar da kasuwanci a kansa ba. Idan aka daɗe ba a taɓa shi ba, tsarin zai aika gargaɗi ta imel, ya rufe shi, daga baya ya goge shi. Akwai kuma shingen da ke tsayar da matasa da yawa tun daga ƙofa: ba a rajista da Gmail ko imel na ƙashin kai, sai da asusun wurin aiki ko na makaranta. Ɗalibin da ya gina komai da imel ɗin jami'arsa ya kamata ya tuna cewa asusun na makarantar ne, ranar da ta rufe shi muhallin ya fita daga hannunsa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Na uku shi ne Dataverse for Teams, wanda aka fitar a Nuwamban 2020. Kowace tawaga a Teams tana iya samun guda ɗaya, kuma yawancin lasisin Microsoft 365 da ke ɗauke da Teams sun wadatar. Sararinsa giga 2 ne duka-duka, wanda Microsoft ya ƙiyasta zai ɗauki layukan bayanai kusan miliyan ɗaya. Adadin yana da yawa idan rubutu ne zalla. Amma idan ma'aikata na ɗaukar hoton rasit da waya suna ɗorawa, kowane hoto mega 2, hoto dubu ya cinye wurin. Idan ya cika, manhajojin da ke ciki za su ci gaba da aiki, amma ba za a iya ƙirƙirar sabuwar manhaja ko sabon jadawali ba. Yawan irin waɗannan muhallai ma a ƙayyade yake: guda 5 ga kowane asusu, sai ƙarin ɗaya kan kowane lasisi 20. Idan aka yi kwana 90 ba a motsa shi ba za a rufe shi, idan kuma aka goge tawagar a Teams to muhallin ya bi ta. Ana iya ɗaga shi zuwa cikakken Dataverse, amma hanya ce da ba a dawowa, kuma daga ranar masu amfani da shi sai da lasisin kuɗi.

Wani abu da ya shafi masu aiki da waya a wuraren da sabis ke yawan ɗaukewa: tsarin da Power Apps ya tanada na aiki ba tare da intanet ba, wanda ke ajiye bayanai a waya ya tura su idan sabis ya dawo, da cikakken Dataverse yake tafiya. Na Teams ba shi da shi.

Tun ran gini, ran zane

Wajen buɗe muhalli akwai tambayoyi uku da ake amsawa cikin daƙiƙa kaɗan, amma amsarsu ta zauna ke nan.

Ta farko ita ce yanki. Kowane muhalli ana ɗaure shi da cibiyoyin ajiyar bayanai na wani yanki, kamar Amurka, Turai, Birtaniya, Indiya, Hadaddiyar Daular Larabawa ko Afirka ta Kudu. Manhajojin da rumbunsu a can suke zama. Mai kula da tsarin ba shi da maɓallin da zai danna ya canza yankin daga baya, sai dai a nemi taimakon Microsoft ko a buɗe sabon muhalli a kwashe kaya. Najeriya da Nijar da Ghana ba sa cikin jerin yankunan, don haka bayanan duk wani kamfani daga waɗannan ƙasashe a waje suke kwana. Wannan yana da nasaba da doka. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare. Wanda zai haɗa wa asibiti ko makaranta manhaja ya kamata ya san ƙasar da sunayen marasa lafiya ko na ɗalibai za su je. Nisan yankin yana kuma shafar saurin buɗewar manhaja a waya.

Ta biyu ita ce harshen tushe na rumbun, ta uku kuma kuɗin tushe. Dukkansu ba sa canzuwa bayan an kafa rumbu. Ana iya ƙara wasu harsuna da wasu kuɗaɗe a kai, amma tushen yana nan. Kamfanin da ke ciniki da naira ko sefa, idan aka bar masa dala a matsayin tushe saboda gaggawa, duk jimillar da rumbun zai riƙa haɗawa da dala zai auna ta, bisa farashin canjin da aka shigar masa. Hausa ba ta cikin harsunan da Dataverse ke ɗauka a matsayin tushe. Mai ƙira zai iya rubuta sunayen maɓallai da saƙonnin manhajarsa da Hausa, amma ginshiƙin tsarin zai kasance da Ingilishi ko Faransanci ko Larabci ko wani harshen da ke jerin.

Katangar da ke tsakanin muhallai

A tsarin asali, manhajar da aka gina a muhalli ɗaya da rumbun wannan muhallin take magana. Da gangan aka yi hakan, don kada gwaji ya ɓata bayanan gaske. Ƙwararru kan raba aiki gida uku: a ƙera a wuri ɗaya, a gwada a na biyu, a saki ga jama'a a na uku.

Ɗaukar manhaja daga wannan zuwa wancan ana yinsa ne ta hanyar ƙunshi. Ana tattara manhajar da jadawalanta da ayyukanta a ɗaure su wuri guda, a fitar, a shigar a ɗaya muhallin. A nan masu koyo kan sha mamaki iri biyu. Na farko, ƙunshin fasalin jadawali yake ɗauka, ba ya ɗaukar bayanan da ke ciki. Jadawalin kwastomomi zai isa sabon wuri da ginshiƙansa cif, amma babu sunan kowa, sai an kwashe bayanan ta wata hanya dabam. Na biyu, izinin shiga SharePoint ko Outlook ko wani rumbu ba ya bin ƙunshin, dole a sake haɗa shi a can. Idan mai ƙira ya rubuta adireshin jadawalin gwaji kai tsaye a jikin manhajar, za ta isa muhallin gaske tana ci gaba da rubutu a jadawalin gwaji, kuma ana iya yin kwanaki ba a lura ba.

Katangar tana bayyana har a waya. A manhajar Power Apps ta Android da iPhone, wasu nau'in manhajojin da ke muhallin gwaji ba sa fitowa a jeri sai an kunna wani maɓalli a saituna. Idan abokin aiki ya ce ya duba bai ga manhajar ba, wannan na cikin abubuwan farko da za a bincika.

Kwafin ajiya yana da iyaka

Jin cewa komai yana kan sabar Microsoft yana sa mutane su saki jiki. Gaskiya ne tsarin yana ɗaukar kwafin ajiya da kansa, amma kwana 7 yake riƙe shi a yawancin muhallai, wasu na aikin gaske kuma har kwana 28. Kuskuren da aka gano bayan wata biyu ya wuce gyara ta wannan hanya. Ba a iya sauke kwafin a ajiye a kwamfuta. Ba a iya dawo da shi kai tsaye a kan muhallin aikin gaske, sai an fara mayar da muhallin na gwaji, a dawo da kwafin, sannan a mayar da shi matsayinsa. Haka kuma a yankin da aka ɗauke shi kawai ake dawo da shi.

Abin da ya fi kama masu koyo shi ne, manhajoji da ayyukan da aka saka cikin ƙunshi su ne kwafin ke ɗauka. Manhajar da aka gina a sake, ba a saka ta a ƙunshi ba, ba ta ciki. Bayanan da ke zaune a Excel ko SharePoint su ma ba sa ciki, domin ba a rumbun muhallin suke ba. Muhallin da aka goge bisa kuskure kuwa, a mafi yawan lokuta kwana 7 ake da su a dawo da shi.

Dokokin mai gida da batun kuɗi

Power Apps yana haɗuwa da wasu manhajoji ta hanyar mahaɗai, waɗanda yawansu ya haura dubu. Mai kula da tsarin yana da ikon raba su gida uku a kowane muhalli: na aikin kamfani, waɗanda ba na aiki ba, da waɗanda aka toshe. Manhaja ɗaya ba za ta haɗa mahaɗi daga rukunin farko da na biyu ba. Idan SharePoint na rukunin aiki, Gmail na ɗaya rukunin, manhajar da ke kwaso bayanai daga SharePoint ta tura ta Gmail ba za ta tashi ba. Saboda dokar tana iya bambanta daga muhalli zuwa muhalli, abin da ya yi aiki lafiya a wurin ƙira yana iya ƙin motsi a wurin gaske, alhali babu kuskure ko ɗaya a ginin.

Sai kuɗi. Lasisin Microsoft 365 na yau da kullum ya wadatar ga manhajar da ke aiki da SharePoint, Excel ko Outlook. Da zarar ta taɓa cikakken Dataverse ko SQL Server, kowane mai amfani da ita yana buƙatar lasisi na musamman. Farashin Power Apps Premium da Microsoft ya sanar shi ne dala 20 ga mutum ɗaya a wata, bayan rage shi daga dala 40 a watan Oktoban 2021. Ma'aikata 50 ke nan dala 1,000 duk wata. Akwai kuma Managed Environments, wanda aka fitar a 2022, mai ba da ƙarin iko kamar ƙayyade yawan mutanen da za a raba wa manhaja da sauƙaƙa tura ƙunshi daga muhalli zuwa muhalli. Sharaɗinsa shi ne duk mai amfani da manhaja a wannan muhallin sai ya mallaki lasisi na musamman, ko da manhajar SharePoint kawai take taɓawa. Matashin da ya yi wa ƙaramin kamfani ciniki kan kuɗin ƙira kaɗai, bai faɗa musu wannan kuɗi na wata-wata ba, zai sha wahalar kare kansa ranar da takardar biya ta iso.

Muhalli kaɗai ba ya tsare bayanai

Raba muhallai yana hana gwaji cakuɗuwa da aikin gaske, amma ba ya maye gurbin saita izini a kan kowane jadawali. A watan Agustan 2021 kamfanin binciken tsaro na UpGuard ya bayyana cewa ya gano bayanai miliyan 38 a buɗe a intanet, daga hukumomi da kamfanoni 47 da ke amfani da shafukan Power Apps, waɗanda daga baya aka mayar da su Power Pages. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai American Airlines, da Ford, da gwamnatin jihar Indiana a Amurka. Bayanan sun haɗa da na bibiyar waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar korona da na rajistar rigakafi. Babu wanda ya fasa wata katanga. Saitin asali ne ya bar jadawalan a buɗe ga duk wanda ya san adireshin, sai idan mai ƙira ya kunna izini da kansa. Bayan da UpGuard ya sanar da shi matsalar, Microsoft ya canza saitin ya zama a rufe tun daga farko. Waɗannan manyan hukumomi ne masu sassan fasaha, kuma abin ya wuce su.

Abin da ya kamata mai farawa ya yi

Kafin a ajiye maɓalli na farko, a dubi sunan da ke saman shafin a tabbatar da muhallin da ake ciki. Koyo da gwaje-gwaje a yi su a muhallin mai ƙira, a riƙa fitar da ƙunshin aikin lokaci-lokaci ana ajiyewa a kwamfuta, domin fayil ne ƙarami kuma shi zai rage idan asusun makaranta ko na ofis ya rufe. Duk manhaja, komai ƙanƙantarta, a fara ta cikin ƙunshi tun ranar farko.

Idan aikin na wani kamfani ne, a zauna da mai kula da tsarinsu kafin a fara. A tambaye shi yankin da bayanan za su zauna, da kuɗin tushe, da mahaɗan da aka toshe, da irin lasisin da ma'aikatan ke da shi, da sararin rumbun da ya rage. A ƙirga mutanen da za su yi amfani da manhajar, a ninka da kuɗin lasisi, a nuna wa mai kamfanin jimillar a rubuce. Kada a bar manhajar a hannun mutum ɗaya: a ƙara wani a matsayin abokin mallaka, ayyukan da ke gudana da kansu kuma a ɗaure su da asusun da ba zai rufe ba idan wani ya bar aiki.

Microsoft yana yawan sauya waɗannan ƙa'idoji, musamman adadin kwanaki da sarari da farashi, kuma yana fitar da manyan sauye-sauye sau biyu a shekara, a watan Afrilu da Oktoba. Saboda haka kafin a sa hannu a kwangila da kowa, a buɗe shafin Microsoft Learn a tabbatar da alƙaluman da ke aiki a ranar.